Zabirar Baba a Kafaɗar Sale

Sai da muka kai Damagaram na san abin da aka yi mini.

Mun sauka a tasha da hantsi, ni da ƙanena Sale, ƙafafunmu sun kumbura saboda zaman bayan mota. Muka sami inuwar wata bishiya muka zube. Na kwance ƙullina na ciro zabirata, sabuwa fil, ja wur, wadda Baba ya sayo mini a Kano ana gab da tafiyarmu. Tun daga gida nake shafa ta ina jin daɗi, ina cewa tsohon nan ya san darajar babban ɗansa. Sale kuwa ya warware bargonsa a hankali yana satar kallona. Sai ga zabirar Baba.

Wanda bai tashi a gidan wanzamai ba zai ce ai jaka ce kawai. Jakar fata ce mai aljihuna a jere, a ninke ta marfi ya rufo, a rataya a kafaɗa. Aljihu guda na asake, guda na ƙahoni, guda na almakashi da 'yar tsaga, guda na dutsen washi da sabulu, sai wani ɗan ƙarami can ciki na ƙulle-ƙullen magani. Amma a wurinmu ita ce shagon, ita ce shaidar sana'a. A ƙauyenmu, can gefen Minjibir, in aka hango Baba ya fito da ita da sassafe, mata kan leƙo ta kan danga su tambayi gidan wa aka haihu. Ta gidanmu kakanmu ne ya fara rataya ta, shi ya rataya wa Baba. Ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli don maiƙon hannu. Kuma muna da ƙa'ida a gidan: zabira ba a ɗaukarta, rataya wa mutum ake yi, wanzami kuma ba ya sa hannu a cikin ta wani ko da ciki ɗaya suka fito. Wanda aka rataya wa ta gida, shi ne magajin gidajen da muke yi wa aski.

Ni duk zatona tana nan a jikin ƙusa a zaurenmu tana jira na.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Baba ne ya rataya mini."

"Ya ce ka riƙe mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Habu, bai ce ba."

Ni ne babba. Ni na sha ɗaukar tabarma da buta ina bin Baba gida-gida, lokacin da Sale ke gudu bakin titi kallon manyan motoci. Ni na koya masa riƙon aska a jikin duma, ya farfasa wa Inna duma har sai da ta yi rantsuwa a kansa. Da shekaru suka ɓaci ma, ni na tsaya. Mu wanzaman ƙauye da dami ake sallamarmu in kaka ta yi, to gyaɗa ta riga ta mutu, sai ruwa ya ɗauke, gero ya bi ta. Gashi dai bai daina tsirowa ba, haihuwa ma ba a fasa ba, amma rumbuna sun zama ɗakunan ɓeraye. Mu yi aski a ce Allah ya yi albarka, Inna kuwa ta rasa abin tuƙawa. Da aka ce a arewa, bayan hamada, akwai leburori masu kuɗi da ba su da mai yi musu aski, ni na kawo shawarar tafiya. Ga sakamakon da na samu.

Na shimfiɗa tabarma na jera kayana.

Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne dillalin shanu, wanda yanzu fatu kawai yake dillanci tunda shanun sun ƙare. Ya tsaya a kanmu ya dubi tawa, ya dubi ta Sale, ya cire hula ya zauna a gaban Sale.

Ya ce, "Kanawa, yunwa ta koro ku wajen iyayen gidanku ke nan?" Sannan ya nuna ni da haɓa. "Kai yaro, zuba wa maigidanka ruwa mana, ka tsaya kana kallo."

Sale ya buɗe baki zai gyara masa, na harare shi ya yi shiru. Na ɗauki buta na zuba. Ina tsaye ina ganin yadda yake jan askar a karkace, ya bar wa mutumin gashi tsilli-tsilli a bayan kunne. Dattijon ya shafa kansa ya ce hannun gado daban yake, ya sallami Sale, ni kuma ya ce in dage da koyo. Haka aka yi ta yi a garin nan. Kowa zabira yake fara kallo kafin ya kalli fuska, tawa kuwa sai ƙyalli take tana shelar cewa jiya na fara. Abincin da muka ci a Damagaram, Sale ne ya samo shi.

A Agadas aka yi mana wankin ido. Wani ɗan kamasho mai farar jallabiya da carbi a hannu ya tare mu da Hausa tatacciya, ya ce shi ma kakarsa 'yar Gezawa ce. Ya kai mu wani fili ya nuna mana babbar mota, har ya sa muka dafa ta, ya ce gobe bayan sallar asuba za ta tashi. Muka juye masa abin da muka tara. Washegari muka zo da kayanmu muka tarar da awaki a ƙarƙashinta suna shan inuwa. Wani makanike ya ɗaga murfin gabanta ya nuna mana: ko inji babu. Ya ce ba mu ne na farko ba, motar nan ta kai mutane da yawa Makka a tsaye.

Wata Buzuwa ce ta tsince mu, Inna Fatimata, mai ɗinkin fata a bakin kasuwa. Farin ya cinye musu dabbobi kaf, mijinta ya tafi nema bai dawo ba, amma ta ba mu rumfa a gefen bukkarta. Kullum da yamma sai ta miƙo mana shayi da ɗan guntun cukwi mai tauri kamar tsakuwa, ta ce mu jiƙa shi a baki, yana yaudarar ciki. Ban taɓa mantawa da ita a addu'a ba, ko da yake ita ma sai da ta taɓa mini gyambona. Ranar da ta ga zabirar Baba, sai ta ajiye basillarta ta roƙi Sale ya matso da ita. Ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tana girgiza kai, ta ce masu irin wannan aikin duk sun mutu. Na tura tawa gabanta kamar ba da gangan ba. Ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Wannan ma za ta yi kyau, ɗan Kano, in ta sha hannu."

Na ce yaushe ke nan? Ta ce lokacin da jikokina za su yi aski.

Ni kuwa ba ni da wannan haƙurin. Na lallaɓa wajen makaniken nan na roƙi baƙin mai wanda aka juye daga mota. Na zagaya bayan wani kango na kwashe kayan ciki, na shafe zabirata da shi ciki da waje, na murza mata toka, na shanya ta a rana, na ƙara shafawa. Wallahi ta yi baƙi. Daga nesa za ka ce kakan wani ne ya bar masa. Washegari na zauna nesa da Sale, sai ga wani malami mai farar riga ya nufo ni kai tsaye, ya zauna. Zuciyata har rawa take. Na sa masa sabulu na fara, sai na ga yana ta shaƙar iska yana waige-waige. Ya ce, "Malam wanzam, gareji ne a bayanmu?" Na ce a'a. Da na gama na dafa kafaɗarsa don in juya shi, sai ga shatin yatsuna biyar baƙi ƙirin a farar rigarsa. Abin da ya faɗa mini ba na malamai ba ne.

Inna Fatimata ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta karɓi zabirar ta dirje ta da ƙasa da bagaruwa, baƙin ya ragu ya koma wani irin launi kamar na tsohon jaki, amma warin ya ƙi fita. Sale ko murmushi bai yi ba. Ya dai zo ya ajiye mini rabin abin da ya samu ranar a kan tabarma ya wuce. Da dariyar ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da ƙyar muka sake haɗa kuɗin mota, wannan karon sai da na ga hayaƙi yana fita daga bayanta kafin na biya. Aka ɗora mu a kan buhuna, kowa da jarkarsa ta ruwa a naɗe cikin tsumma. Ni ɗan ƙasar da gona ke manne da gona ne, inda ba za ka yi tafiyar shan ruwa ba tare da ka gaisa da mutum goma ba, inda in ka yi tari a gonarku maƙwabci zai ce maka sannu. Sai ga ni a ƙasar da ido zai gaji da kallo bai ga ko kara ɗaya a tsaye ba. A tsakiyar wannan fili motar ta lalace. Direba da yaransa suka shige cikin inji, mu kuma muka rarrafa ƙarƙashinta muna rabon inuwa. Nan zazzaɓi ya kama Sale. Ya kwanta yana karkarwa cikin wannan zafi, ya yi matashi da zabirar Baba. Na riƙa jiƙa gefen rawanina ina matsa masa a leɓe.

Da na sunkuya a kansa sai ƙamshinta ya buge ni: sabulun salo, goro, da hayaƙin zaurenmu. Nan take na ga tsamiyar bakin rijiya, na ga Inna tana fifita wuta, na ji kakin Baba da asuba. Na kifa fuskata kusa da fatar nan ba tare da na taɓa ta ba, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Sale ya ɗauka don shi nake yi, ya kama hannuna ya ce, "Yaya, ba zan mutu ba." Rabi don shi ne. Rabin kuwa haushi ne, cewa duk gidanmu yana ƙarƙashin kansa, ni kuma abin da aka haɗa ni da shi warin gareji yake.

Allah ya sa motar ta tashi, Sale ma ya tashi.

Tamanrasat gari ne na duwatsu da jajayen gidaje. Baƙi irinmu suna can gefe guda, 'yan Nijar da 'yan Mali da namu, ana kwana a ɗaki kamar an jera rake. Gaskiya ne akwai kawuna, kuma leburan da ya wuni yana ɗaukar siminti ba ruwansa da launin zabira. Na fara samu. Na ce to, a nan dai za a san waye wanzami.

Sai Alhaji Lahsan ya shigo zancen. Wani tsohon Balarabe ne mai kantin shayi da sukari da barguna, yana jin Hausa irin ta fatake. Muna wucewa ta ƙofar kantinsa ya ƙwala mana kira, idonsa a kafaɗar Sale.

Ya ce, "Kai, ina ka samo jabira?"

Sale ya ce, "Zabira ce, Alhaji. Ta gidanmu ce."

Tsohon ya yi dariya ya ce abu ɗaya ne. Ya zaunar da mu ya sa aka kawo shayi. Ya ce a wurinsu jabira ita ce jakar fata mai aljihuna da mahayi ke ratayawa a gaban sirdi, ya zuba takardunsa da 'yan kayan da ba ya son su yi nisa da hannunsa. Kakanninsa sun yi fatauci har Kano da raƙuma, kuma a cewarsa su suka kai ta can, bakin Kanawa ya murɗa sunan, wanzamai suka ga ta dace da su suka riƙe. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ne masani. Ni dai na tashi ina zaton a zaurenmu aka haifi kalmar nan, sai ga shi wai ita ma baƙuwa ce, ta bi hanyar da muka biyo, ta juye. Alhaji ya ce rabonsa da ganin irinta tun ta mahaifinsa. Ya nemi saye, Sale ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce to ya zo ya riƙa zama a ƙofar kantinsa yana aski, ko ganinta ya riƙa yi. Ni ko tayin zama ba a yi mini ba, sai ma na ga yana ɗan toshe hanci yana duban inda warin ke fitowa.

Daga nan Sale ya samu wuri. Aski ya zama na jefi-jefi. Yau yana auna sukari, gobe yana sauke kaya, jibi ya iya lissafi da Larabci. Ya sayi agogon hannu. Zabirar Baba ta koma jikin ƙusa a cikin kanti, sama da buhunan shayi, abin ado. Da daddare ba shi da zance sai na Libiya, inda wai lebura ke sayen rediyo a albashin farko. Abin da ni nake kwana ina juyi a kansa, shi ko ƙurar jikinsa ba ya kaɗewa.

Wata rana ciwon wuya ya kama Alhaji, ya ce Sale ya yi masa ƙaho. Sale ya zo mini a guje, don ya san hannunsa bai kai nan ba. Muka tarar da tsohon ya kwanta rubda ciki a kan kilishi, ya rufe ido. Na durƙusa ban yi magana ba, na kafa ƙahonina, na ja, na tsaga, na sake ja, jinin ya fito baƙi. Da na gama na koma bakin ƙofa. Alhaji ya tashi yana juya wuya, ya dafa kan Sale ya ce, "Mai jabira, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Sale ya dube ni, ni kuma na dubi rufin ɗaki. Ranar ko abinci ban ci ba.

Kamen baƙi ya zo ne wata Juma'a da safe, ina tsakiyar aski a wani wurin gini. Motoci suka zagaye mu, duk wanda ba shi da takarda aka tura shi ciki. Mutumin da nake yi wa aski da rabin kai aka tafi da shi. A inda aka tsare mu wani jami'i ya zazzage zabirata a kan tebur, ya tattara asake da almakashi da 'yar tsaga ya ce makamai ne. Ya ɗaga zabirar ya shinshina, ya yamutsa fuska ya jefo mini ita. Baƙin man nan dai ya yi mini rana sau ɗaya.

Alhaji Lahsan ne ya zo da kansa, yana dogara sanda, Sale na biye da shi. Ya yi ta magana da su har suka sake ni, da sharaɗin in bar garin. A hanya na yi masa godiya, na ce ban san ya san da ni ba.

Ya ce, "Wanda ya yi mini ƙaho? Idona ne a rufe, ɗana, ba hancina ba."

Da muka koma masauki, Sale ya shiga ya fito da zabirar Baba a hannu, ba a kafaɗa ba. Ya ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ce, "Yaya, ga ta. Ba ka da kayan aiki, ni kuma ba na aikin. Akwai motar Libiya jibi, na riga na yi magana. Ka tafi da ita gida, ka gaishe da su Inna. Ai daman kai ta dace da kai, kowa ya sani."

Ga ta nan, tsawon hannu ɗaya. Ina jin ƙamshinta. Tun Damagaram nake jiran ranar da za a ce mini haka, amma da aka faɗa sai na ji kamar an miƙo mini ragowar tuwo.

Na ce, "Baba ne ya ce ka ba ni?"

Ya kau da kai.

"Sale, da kai nake."

Ya ce, "Cewa ya yi in dawo masa da ita da hannuna. Ya sa na dafa kansa na yi alkawari. Ya ce ko kai ka roƙa kada in ba ka." Ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Amma ai in ka kai masa ya gan ta, shi ke nan. Me ya rage?"

Ko kai ka roƙa. Wato har ya zauna ya yi tunanin zan roƙa, ya toshe ƙofar tun kafin in ƙwanƙwasa.

Na ce, "Ɗauke abarka. Ni ba a rataya mini ba, ba kuma zan zama ɗan dakonka ba. Kai ɗan gaban goshi, kai za ka kai masa. In ka ga dama ka tafi da ita Libiya ka musanya da rediyo, ni dai in na je zan ce lafiya lau na bar ku kai da ita."

Kada wani ya ce hikima ce ko tausayi. Zuciya ce kawai. Sale ya roƙe ni, ya yi fushi, ya ce na tsaya masa a hanyar arziki don baƙin ciki. Na ce e, na ji. Har wajen Alhaji ya kai ƙarata, tsohon ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da alkawarin ubansa. Motar Libiya ta tashi ba da shi ba. Cikin waɗanda suka tafi a ranar akwai wanda ya dawo da rediyon, akwai kuma wani ɗan wajen Ungogo da har uwarsa ta rasu tana tambayar matafiya labarinsa. Mu kuwa muka juyo kudu, tun daga hamada har Agadas Sale bai ce mini uffan ba. Inna Fatimata ce ta sa muka ci abinci a kwano ɗaya, ta ce ba ta da kwano biyu.

Mun iso gida damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar kamar ƙasar ba ta taɓa yi mana komai ba. Inna ta rungume mu tana kuka. Baba yana zaure a kishingiɗe, ya rame, idonsa ya fara hazo, ya ja hula har kunne. Sale ya durƙusa ya cire zabirar ya ɗora masa a cinya da hannu biyu. Baba ya shafa ta, ya kai hanci, ya yi hamdala. Na matso kusa, na gyara zama. Na ce yanzu ne. An kai amana, an dawo da ita, sai a ba mai ita.

Baba ya lalubo kafaɗar Sale ya sake rataya masa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni fa? Me na yi maka?"

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. Ya ce, "Habu, kai ai na san za ka dawo. Ko tsirara na tura ka za ka dawo. Wannan kuwa in ban ɗaura masa igiya ba, sai dai mu ji labari. Yanzu ma in na kwance, kafin kaka ya tafi."

Na ce, "Wato ladan wanda ya zauna shi ne a hana shi."

Bai musa ba. Ya dai sa hannu ya cire hularsa. Gashi ya zubo fari fat, ya cukurkuɗe har wuya, abin kunya a kan wanzami. Inna daga bakin ƙofa ta ce tun da muka tafi ya hana kowa taɓa shi, abokan sana'arsa sun zo har gida ya ce yana da mai yi masa.

Ya ce, "Sale, ciro askar kakanku ka ba yayanka."

Sale ya sa hannu ya ciro ya miƙo mini. Na jiƙa kan Baba na sa sabulu. Na aske shi tas, ban bar ko ƙwaya a bayan kunne ba. Ya shafa ya ce, "Yawwa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na wanke askar na goge, na miƙa wa Sale, ya mayar cikin zabirarsa.

Har Baba ya rasu ba wanda ya ƙara taɓa kansa sai ni. Sale kuma bai ƙara tsallake Kano ba. Ya yi aure, ya zauna, hannunsa ma ya ɗan gyaru, ko da yake har gobe in kaciya ce ko ƙaho ni yake aiko wa. Zabirar tana wurinsa. In na hango shi ya fito da ita da safe, har yanzu sai na ji abin nan ya motsa mini a ƙirji, da furfurata da komai. Na ji bayanin Baba, na kuma yarda da shi, amma bai warkar da ni ba.

Tawa ta sha hannu kamar yadda Inna Fatimata ta ce. Ta yi baƙi na gaskiya, sai dai in rana ta yi zafi takan tuna mini da Agadas. 'Ya'yana biyu ne suka koyi aski. Babban yana gefena kullum, shi ke ɗaukar mini tabarma, hannunsa ya fi nawa. Ƙaramin kuwa ko yana wasa aska idonsa na kan titi, kwanan nan ma na ji yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Na san wanda zan rataya wa. Shi ya sa kwana biyun nan, in babban ya miƙo mini buta, ba na iya kallon idonsa.